Motar da Ke Ƙin Tashi da Safe

Duk wanda ya daɗe yana tuƙi a Yamai, in ka ce masa Halidu Madawa, zai tambaye ka ko wanda ke bayan kasuwar Wadata kake nufi. Shi ne. Dogon mutum ne siriri, ya doshi shekara sittin, bayansa ya fara ranƙwafawa saboda sunkuyo ƙarƙashin kapo, murfin injin mota, hannuwansa kuwa sun yi irin baƙin da sabulu ba ya fitarwa.

A shekarar babban fari ya zo garin, lokacin da gero ya ƙi a ƙasar Madawa damina biyu jere. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya hau saman kamiyon albasa, bai san kowa a Yamai ba sai wani ɗan ƙauyensu mai dako a Petit Marché. Dakon ya yi shi ma, wata tara, har ranar da ya kai wa wani mutumin Kotonu buhun shinkafa garaj ɗinsa, ya tsaya kallon ana kwance moter, wato injin mota, bai tafi ba sai da aka kira azahar. Mutumin ya ɗauke shi aiki. Shi ba ya jin Hausa sai ta ciniki, Halidu kuma ba ya jin Faransanci ko kaɗan, don haka koyarwar ba ta baki ba ce. Ubangidan zai tayar da Pijo, ya nuna kunnensa, ya nuna motar, ya jira. In Halidu ya ɗora yatsa a kan abin da ya lalace, sai ya gyaɗa kai. In ya ɓata, sai a sake tayarwa.

Haka ya koya, kuma da haka aka san shi shekara talatin da wani abu. Mota in ta ƙi tashi, Halidu ba ya gaggawar ɗaukar kile, wato sifana. Yakan ce wa mai ita ya murza makulli, shi ya tsaya gefe ya karkata kai. In ta ce ƙas ta yi shiru, wuta ce ba ta kai ba, sai a duba bateri da wayoyinsa. In tana juyawa da ƙyar kamar mai jan kaya a rairayi, ko baterin ya gaji ko demarer, abin da ke juya moter a tayar. In kuwa tana juyawa sarai amma ta ƙi kamawa, to an bar maganar bateri, sai a nemi abin da ya hana esansi, wato fetur, zuwa, ko abin da ya hana buji, wato filogi, ba da wuta. Direbobin taksi sukan turo masa mota tun daga unguwar Yantala, don sun san ba zai sa su sayi abin da bai mutu ba.

Sau biyu ana tashin garaj ɗinsa saboda faɗaɗa hanya, kowane tashi kuma wurin da yake samu ya fi na baya ƙanƙanta. Motocin su ma suka canza. Pijo ta ƙare a gari, aka cika shi da motocin hannu masu ƙwaƙwalwa, waɗanda sai an jona musu na'urar da makanikai ke kira baliz kafin su faɗi ciwonsu. Jibo, wani Bazabarme mai shekara arba'in da biyar da ya kama rumfar da ke jikin ta Halidu, yana da irin wannan baliz. Ba su taɓa faɗa ba. Jibo yana ce masa Baba, yana aiko masa da shayi, amma sabbin motoci a ƙofar Jibo suke tsayawa.

Duk wannan Halidu ya iya ɗauka. Abin da ya fi ƙarfinsa kunnensa ne. Na hagu ya fara tafiya, a hankali, har wata rana ya lura in ya kwanta a kan na dama ba ya jin kiran salla. Daga baya na daman ya kama wata tsuwa da ba ta tsayawa dare da rana, maganar mutane ta koma kamar daga bayan bango ake yin ta. Bai gaya wa kowa ba. Ya koyi kallon bakin mai magana, ya koyi inda ake cewa "to" da inda ake cewa "madalla". Matarsa Zeinabu ita ma ba ta taɓa furtawa ba, sai dai ta daina kiransa daga madafa. In tana da magana takan zo ta tsaya gabansa.

Cikin watan Afrilu, wata Talata da hantsi, zafi ya riga ya sa kwanon rumfa yana ƙamshin ƙarfe, wata ƙaramar mota ruwan toka ta tsaya a ƙofarsa. Mace ce ta fito, za ta yi shekara hamsin, da farar rigar aiki a ƙarƙashin mayafi.

"Sannu da aiki, Malam. Kai ne Malam Halidu?"

"Ni ne, Hajiya. Sannu da zuwa."

Sunanta Sa'adatu, ungozoma ce, 'yar Damagaram, tana zaune a unguwar Maourey. Ta fara bayani da muryar wanda ya riga ya faɗi magana ɗaya sau da yawa, ƙasa-ƙasa, idonta a kan motar ba a kansa ba. A daidai lokacin mai gyaran jikin mota na can gefe ya kama bugun wata ƙofa da guduma. Halidu ya tsinci abin da ya iya tsinta: da safe, ba ta tashi, garaj uku, bateri sabo, buji sababbi, demarer. Kunya ta hana shi cewa ta maimaita. Ya ce ta murza makulli. Motar ta tashi bugu ɗaya, ya ga hakan a rawar kapo.

Ya buɗe ya duba. Wayar da ke haɗa bateri da jikin mota ta yi kore a gindinta, ƙullin kuma ya saki. Ransa ya yi sanyi, don ga abu a fili wanda ido ke gani. Ya kwance ta, ya kankare, ya ɗaure tam, ya ce mata in Allah ya so an gama. Ta yi godiya ta tafi.

Ranar Alhamis bayan la'asar ta dawo. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma ɓata fuska ba. Ta zauna a kan bencin da ke bakin rumfa, ta ce motar ta sake yi. Wannan karon Halidu ya matso kusa ya dubi bakinta sosai, ya ji abin da bai ji ba a zuwan farko. Mijinta, Malam Alu, tsohon malamin lakkol ne, wato makarantar boko, ƙodarsa ta daina aiki. Litinin da Alhamis ake yi masa wankin ƙoda, kuma dole ƙarfe bakwai ta same su a gidan likita, in ba haka ba a sa wani a gadon, su jira layin rana. Yau ta yi ta murzawa har bateri ya fara sanyi. Daga ƙarshe ta riƙo shi suka tako har bakin gudro, titin kwalta, neman taksi, shi da ba ya iya taku ashirin bai huta ba. Sun rasa layin safe.

Halidu ya kira Jibo ya zo da baliz. Jibo ya jona ta ƙarƙashin sitiyari, ya danna, ya jira, ya juyo da fuskar na'urar.

"Baba, baliz ta ce babu komai. Mota lafiya lau."

Halidu ya roƙi Hajiya Sa'adatu su zagaya bayan rumfa, inda bango ke tare ƙarar guduma. Ya tsaya daf da ita fiye da yadda ya saba tsayawa gaban matar mutane.

"Hajiya, ki yi haƙuri, ki faɗa mini sannu-sannu. Da safe in kin murza, shiru take yi ko tana juyawa?"

"Tana juyawa lafiya, Malam. Kamawa ce ba ta yi. Ai na faɗa maka tun ranar Talata."

Da ya ji wannan maganar ranar Talata, da ko kallon wayar bateri bai yi ba.

"In ta kama, a murzawa ta nawa?"

"Ta biyar, ta shida. Wata rana ta goma."

"In kin ajiye ta a wurin aiki, ko kin shiga kasuwa awa ɗaya?"

"Bugu ɗaya."

"Sai in ta kwana."

"Sai in ta kwana."

Abin da ke lafiya bayan awa ɗaya ya lalace bayan awa goma, wani abu ne ke zurarewa a hankali. Kuma duk makanikin da ta kai wa, da motar a tashe ta je masa, ciwon ya riga ya ɓuya.

"Gobe kada kowa ya taɓa makullin nan sai na zo. Ki kwatanta mini gidan."

Washegari daga masallaci bai koma gida ba, ya hau tsohuwar motonsa, wato babur, da jakar kile a baya. Gari ya waye amma iskar ba ta huce ba, zafin jiya yana nan kwance a jikin bangaye. A Maourey masu shaguna sun fara ɗaga ƙofofi, masu kura suna gangarawa kasuwa. Gidan na haya ne, tsakar gida ƙarama, motar na ciki a gindin wata bishiyar lemu. Wuta ta ɗauke tun asuba, don haka an fito da Malam Alu waje, yana zaune a kujerar roba da ƙafafunsa kumburarru a kan kwali. Ƙaramin mutum ne mai furfura, idonsa a buɗe tar. Suka gaisa, Halidu ya yi masa ya jiki.

Ya ɗaga kapo, ya nemo inda tiyon esansi ke shiga moter, ya naɗa tsumma, ya sassauta ƙullin a hankali yana kawar da fuska. A mota mai lafiya, ko ta kwana, esansi kan yi tsartuwa a nan. Ɗigo biyu suka fito, suka tsaya. Ya taɓa tsumman, kusan a bushe. Ya mayar ya ɗaure.

Saura ya tabbatar da pompo mai tura esansi, wanda ke cikin tanki ƙarƙashin kujerar baya. Ya ɗaga kujerar, ya durƙusa a ƙofar motar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya kai kunnen dama kan murfin.

"Hajiya, ki sa kontak kawai. Kada ki tayar."

Ta murza. Fitilun gaban sitiyari suka kama. A nan ya kamata pompo ya yi ɗan kuka na daƙiƙa biyu ya tsaya. Halidu bai ji komai ba sai tsuwar kunnensa. Ya ce ta kashe ta sake. Ta sake. Babu. Ya zauna a durƙushe, zufa na bin gemunsa, bai san ko pompon ne ya yi shiru ko shi ne bai ji ba. Shekara arba'in yana wannan aiki, yau ga shi gaban tambayar da ko sabon shiga zai amsa, ya kasa.

Ya ɗago kai sai ya ga bakin Malam Alu yana motsi. Ya taso ya matso.

"Na ce tana kuka," in ji Malam Alu, yana ware kalmomin kamar mai yi wa aji shifta. "Ni ina ji daga nan. Siririn kuka, kamar sauro. Na biyun ya fi na farko kauri."

Halidu ya dube shi, ya koma ya durƙusa. Wannan karon tafin hannunsa ya ɗora a kan murfin.

"Sake, Hajiya."

Ya ji ɗan kaɗawa a tafinsa, ta zo ta wuce. Ya waiwaya. Malam Alu ya ɗaga yatsa uku, sannan ya dunƙule hannu, alamar kukan ya yi nauyi, pompon ya sami abin turawa.

"Yanzu tayar."

Bugu ɗaya motar ta kama. Hajiya Sa'adatu ta saki makullin ta zauna riƙe da sitiyari.

Halidu ya yi mata bayani a tsaye, yana goge hannu. A cikin pompon akwai wata 'yar ƙofa da ake kira klape, aikinta ta riƙe esansi a cikin tiyo in an kashe mota. Tata ta cinye. In motar ta tsaya awa ɗaya, abin da ya zurare kaɗan ne. In ta kwana, duk esansin ya koma tanki, da safe tiyo wayam, ita kuma tana ta murzawa moter na juyawa a bushe. Ya tambaye ta inda take shan esansi. Ta ce a tasha, amma ran da ta makara takan tsaya wurin masu sayarwa a kwalba a bakin hanya. Ya san daga nan datti ke shiga tanki. Ya ce kafin a samo pompo, kullum da safe ta sa kontak sau uku, kowane ta ƙirga biyar, sannan ta tayar.

Ta shiga ciki ta kawo masa kunu a kofi. Ya zauna a bakin dakali kusa da Malam Alu yana sha. Malamin ya bari sai da ya kusa shanyewa, sannan ya taɓa gwiwarsa don ya juyo.

"Malam Halidu, tun yaushe?"

Halidu ya gane tambayar. Ya juya kofin a hannunsa.

"Na hagu shekara shida. Na dama bara ya fara."

Bai taɓa faɗin haka da bakinsa ba, ko ga Zeinabu. Hajiya Sa'adatu na tsaye a bakin ƙofa, ta ji.

"Da ka ce mini in ɗaga murya, Malam."

"Laifina ne, Hajiya. Wahalar da Malam ya sha jiya, ni na ja. Amma wa zai kai motarsa wurin makanikin da ba ya ji?"

"Ni ga shi na kai sau biyu," in ji ta. Ba da wasa ta faɗa ba, ba kuma da zafi ba. Ta karɓi kofin ta koma ciki ta shirya tafiya aiki.

Neman pompon ya ci masa yini biyu. Irin motar ba ta da yawa a gari, sababbin da ya gani a shaguna kuwa bai yarda da su ba tun daga nauyinsu a hannu. Ya shiga kasuwar Katako wurin masu kayan tsofaffin motoci, yana bin rumfa-rumfa cikin rana, ƙarafa na ƙona tafin hannu. Duk pompon da aka miƙo masa sai ya goge bakin tiyon da gefen riga, ya sa a baki ya hura ta baya. In iska ta wuce, klape ɗin ta mutu, ya mayar. Huɗu ya mayar. Masu kayan suna yi masa magana, wasu da Zabarmanci wasu da Hausa, yana gyaɗa kai bai san me suke cewa ba. Na biyar, wanda aka ciro daga wata mota da ta yi hatsari a hanyar Doso, ya hura har kumatunsa suka yi zafi iska ba ta wuce ba, shi ya saya. Ya koma gida da ɗanɗanon esansi a baki, tuwon dare ma bai ji daɗinsa ba.

Ranar Lahadi ya ɗaura shi a tsakar gidan Hajiya, ya wanke tankin, ya fitar da laka kusan cikin kofi. Ranar Litinin, ba wanda ya ce ya zo, ƙarfe shida ta yi masa a tsallaken titin gidan, zaune a kan moto. Ya ga an buɗe ƙofar gida, ya ga Hajiya ta riƙo mijinta ta zaunar da shi a gaba, ta zagaya ta shiga. Daga inda yake ba zai ji komai ba ko da kunnensa ƙalau ne. Ya zuba wa bututun hayaƙi ido. Ya ga ya girgiza sau ɗaya, ɗan hayaƙi ya fito, motar ta fara ja da baya. Da suka zo wucewa Malam Alu ya ɗaga masa hannu ta taga.

Hajiya Sa'adatu ta rubuta masa sunan wani likitan kunne a takarda. Takardar ta yi sati uku a aljihunsa kafin ya je. Likitan ya sa masa wasu abubuwa a kunne, ya ce ya ɗaga hannu duk lokacin da ya ji ƙara, Halidu ya zauna hannunsa a cinya yawancin lokacin. Aka ce masa jijiyoyin ne suka gaji da ƙarar shekaru, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a tallafa wa abin da ya rage da ɗan abin ji da ake maƙalawa a kunne. 'Yarsa Samira, da ke koyarwa a Maradi, ita ta aiko masa da shi. Yana sa shi a gida da masallaci. A garaj ya gwada yini ɗaya ya cire, don gudumar maƙwabcinsa takan shigo masa har tsakiyar kai.

Ya gaya wa Jibo da kansa, wata safiya suna shan shayi. Jibo ya ce, "Baba, ai mun sani. Duk layin nan an sani." Daga ranar, in aka kawo motar da sai an saurara, yakan leƙa ya kira Jibo ya tsaya masa a gefen moter ya faɗi abin da ya ji. In kuma baliz ta ce babu komai alhali mota na wahalar da mai ita, Jibo kan turo mutumin wurin Baba, shi kuma ya ja shi bayan rumfa ya yi masa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Wasu tsofaffin direbobin taksi sun daina zuwa da labarin ya bazu. Wasu suna zuwa har yanzu, suna yi masa magana da ƙarfi fiye da yadda ake bukata.

Malam Alu ya rasu a ƙarshen damina. Halidu ya je gaisuwa ranar uku, ya zauna a tabarma cikin mutanen da bai sani ba, aka yi addu'a ya shafa, ya tashi. Bai ga Hajiya ba, tana ciki wurin mata, ya ba da saƙo a gaya mata mai gyaran mota ya zo.

Yanzu yawancin yininsa a kan tebur yake yi, yana kwance demarer da ake kawo masa daga wasu garaj, yana canza 'yan gawayin da ke cikinsu, yana naɗa waya. Aikin zaune ne, bayansa ya ɗan samu sauƙi, idonsa ne ya fara neman tabarau. Samira ta yi waya sau biyu tana cewa su tattara su komo Maradi, akwai ɗaki a gidanta. Zeinabu ta ce ita an haife ta a bakin kogin nan, ba ta san kowa a Maradi ba. Halidu ya ce a bari a ga bayan salla. Da la'asar yakan tattara kile ɗinsa a jaka, ya ja ƙofar kwano, ya bar wa Jibo makullin saboda masu zuwa ɗaukar kaya, ya tura moto har bakin gudro kafin ya hau.